Damtsen da Kaka Ta Gina

Safiyar Filingue ta canza murya. A da, da an sallame sallar asuba sai lugude ya kama daga gida zuwa gida, taɓarya uku a turmi ɗaya, wata ta jefa tata sama ta tafa hannu ta cafe, can gefen gari kuma ka ji kukan jakuna da gogar igiya a itacen bakin rijiya. Yanzu injin niƙa ne ke fara magana, sai baburan kabu-kabu, sai kuma wani sabon sauti da ya shigo unguwarmu 'yan shekarun nan, wato ƙarar ƙarfe a kangon da ke bayan gidana. Samari ne suka share wurin, suka cika gwangwanayen madara da siminti, suka soka bututu a tsakani, wani ma ya jawo musu tsohon ƙarfen mota daga gareji. Tun da sanyin safiya suna nishi, suna ƙirga wa juna da Faransanci. Maƙwabta na ƙorafin hayaniya. Ni kam ba ta dame ni ba, na fi son in ji nishin saurayi a kan in gan shi a tasha yana gyangyaɗi da rana tsaka.

Jikana na cikinsu, ɗan shekara sha shida, dogo siriri, wanda in iska ta taso nakan ce wa uwarsa ta leƙa ta ga ko yana nan. Kwana uku da fara zuwansa ya shigo mini zaure da hannuwa a lanƙwashe. Ya kasa miƙe su, ko riga ya kasa cirewa.

Ya ce, "Tsoho, ni na bari. Abin ga ba na irinmu ba na. Mu gidan ga dut ƙashi muke."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ba shi nake yi wa ba. Na san ciwon nan, na kuma san inda yaron ya gado waɗannan hannuwan, don nawa ne sak lokacin da nake kamarsa.

Ƙauyenmu na cikin Kurfai, rabin yini ne a kan jaki zuwa kasuwar Filingue. Gona biyu gare mu: wata 'yar ƙarama a bayan gida, da babbar gonar tudu wadda kakanmu ya sare da hannunsa, ita ce ke cika mana rumbu. A shekarar da nake ba da labari, yayana ya tafi cin rani bakin teku, ya aiko cewa ba zai samu dawowa da damina ba. Bayan girbi kuma Baba ya faɗo daga kan rumbu yana gyaran jinka, bayansa ya bugu, ya yi wata biyu a kwance, da ya tashi ma sai da sanda. Wata rana bayan la'asar Baffa, ƙanen Baba, ya zo ya zauna a bakin tabarma. Mutum ne mai 'ya'ya maza biyar da gona kaɗan, kuma ba mugu ba ne. Ya ce tunda babu hannu a gidan bana, a ara masa gonar tudu kada ta kwana saura. Kowa a ƙasarmu ya san halin aron gona. Shekara ɗaya kan zama uku, uku ta zama goma, 'ya'yan wanda aka ara wa su tashi suna ce mata tasu, sai a wayi gari 'yan'uwa na zaune gaban maigari ba sa kallon juna. Ina tsaye a bayan danga ina ba awaki harawa, na ji Baba ya ce, "Bari mu ga noman hwarko. In ciyawa ta ci mu, ka shiga. Hannu guda yar rage min, shi kau ka gane shi." Wannan "ka gane shi" ta yi mini zafi fiye da mari, don gaskiya ce. Sunan da tsarana suka sa mini Tsinke.

A ranar na ɗaura niyya. Akwai wata biyar kafin ruwa, na ce kafin nan sai na zama ƙato. Ban tambayi kowa yadda ake yi ba, kunya ba ta bar ni ba. Kullum in na kai awaki gindin dutsen da ke bakin dallol, babban kwarin da ya ratsa ƙasarmu, sai in zaɓi dutse mafi girma da zan iya motsawa, in rungume shi, in ciccije in kai shi gwiwa, idanuna su yi duhu, in sake shi. In huta in sake kamawa, har rana ta take. A ganina, gwargwadon wahalar da ka sha, gwargwadon ƙarfin da za ka samu.

Wauta ta biyu ta fi wannan, kuma wanda bai ci tuwo a akushi ɗaya da ƙannensa ba da wuya ya gane ta. A gidajenmu babba ne ke fara tsame hannu. Yana yin 'yan lomominsa sai ya lashe yatsu, ya ce alhamdu lillahi, ya tashi ya bar wa na ƙasa, ƙaramin cikinsu kuwa shi ke riƙe bakin akushi har ya suɗe. Da wannan tashi ake gane wanda ya girma. Yayana haka yake yi, yana tashi cikin nutsuwa kamar tuwon bai dame shi ba. Da ya tafi na zama babba a akushin, ni da ƙannena biyu. To tunda ina so Baba ya gan ni namiji, sai na shiga tsame hannu tun ban ji tuwo ya sauka ba. Ƙannena suka yi ta murna, kumatunsu suka fito. Ni kuwa ina ɗaga duwatsu da rana, ina tashi da yunwa da marece, ina jira in ga damtse. Kwana ashirin aka yi haka. Wuyana ya ƙara tsawo, hannuwana na rawa in na ɗauki buta, in na miƙe da sauri sai ƙasa ta juya.

A rijiya asirina ya tonu. Lokacin rani ne, bakin rijiya cike da shanu da mata da tuluna. Wani mai shanu na garinmu ya ajiye wasakinsa, babban gugan fata da ƙarti biyu ke ja, ya je kora ɗan maraƙi. 'Yan mata na tsaye a layi. Shaiɗan ya ce mini ga ranarka. Na zura wasakin, na ji ya cika, na ja. Ya taso kamu biyu, uku, sai na ji kamar ana jana ne zuwa ciki. Igiya ta zuge a tafin hannuna, ta kwashe fata, ta tafi gaba ɗaya har da wutsiyarta, muka ji tinjim daga ƙasa. Nan take dariya ta fashe. Sai la'asar aka fito da wasakin da ƙugiya, shanu na ta kukan ƙishi, mai su yana ta faɗa yana tambaya ko ɗan wane ne wannan. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Baba kallona kawai ya yi ya kau da kai, na gwammace da duka ya yi.

Kakata, mahaifiyar Baba, tana da ɗakinta a ƙuryar gida, da 'yar dangarta da turminta. Tun ina jariri take kirana mijinta, kuma ba ta taɓa faɗin alherin wannan miji ba. Ta aiko a kira ni. Na same ta da man shanu a 'yar ƙwarya.

Ta ce, "Miƙo hannuwan, angon banza. Wanga shi na mijin da anka ba ni? Mata na can na yi min dariya ga rijiya."

Tana shafa mini man ina cije leɓe. Sai ta ce, "Loma nawa kac ci jiya?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Ni na ƙidaya. Bakwai. Shekaranjiya shida. Kaza ta hi ka ci."

"Ai ni na babba yanzu, Kaka. Yaya ma hakanan shika yi."

"Yayanka ya shekara ashirin shina ƙoshi kahin shi hwara tashi da wuri. Kai mi kac ci da za ka bar ma wasu? Kana gina ɗaki kana sace ƙasar ginin, kana mamaki ya ƙi tashi."

Daga nan ta ture mayafinta ta miƙo mini damtsenta, ta ce in taɓa. Fatar ta saki don tsufa, amma abin da ke ƙarƙashinta kamar igiyar kaba da aka tuƙa da kyau. Ta ce, "Ka taɓa ganin na rungumi dutsi? Ina 'yar shekara shida anka ba ni taɓarya, ba ta kai tsawon hannunka ba. Da tay yi min sauƙi anka sake min wata. Ban san ranar da ƙarhi yaz zaka ba, na dai ishe shi jikina."

Sai da tafin hannuna ya warke ta fara da ni. Ta ba ni gugan da ƙanwata ke koyon ɗiba da shi, wani ɗan abu da ko akuya ba zai ƙosar ba. Na ce a gaban mutane zan ja wannan? Ta ce mutanen da suka ga wasaki ya ja ni babu abin da ya rage su gani. Guga goma za ni ja kowace safiya, hannu bayan hannu, ƙafafu a buɗe, baya a miƙe, ba fizga. Duk ranar kasuwar Filingue in ƙara biyu. In ya kai talatin ba na haki, a sake mini guga babba a koma goma. Ranar Juma'a ko tsinke kada in ɗaga, ta ce ko jaki ana sauke masa mangala, kuma a ranar hutun nama ke kama ƙashi. Sa'an nan ga abin da har yau ban taɓa faɗa wa abokaina ba: a bayan dangarta, inda babu mai gani, ni nake yi mata sussuka. Namiji da taɓarya abin dariya ne a Kurfai, amma ta ce kafaɗar da ke ɗaga taɓarya ita ce ke tura hauya. Tana zaune a kan kujerarta tana gyara mini tsayuwa da bakin muciya, in wani ya yi sallama sai ta karɓe taɓaryar da sauri, ni kuma in tsuguna kamar gaisuwa na zo.

Zancen akushi kuwa, na roƙe ta kada ta sa in zauna ina suɗe da yara. Ta dube ni, ta ga abin ya kai mini zuci, sai ta ce, "To, tashi can kamar babba, ka zaka nan ka ci kamar yaro." Haka aka yi. In na tsame hannu cikin girma da arziki, sai in zagaya ta bayan rumbu in same ta. Fura da nono mai kauri, dafaffen wake, kopto, wato dafaffen ganye da ta cuɗa da ƙuli-ƙuli, ranar da zabinta suka yi ƙwai har da ƙwai. Ba ta barina in tashi sai ta ga gindin ƙwarya. Daga baya na gane rabin abin da take ba ni nata rabon ne, kuma har ta rasu ba ta yarda na yi mata godiya a kai ba, sai ta ce kiwon miji take yi.

Wata guda ya wuce ban ga komai ba. Na yanko ganyen kaba na auna damtsena na ƙulla, kullum da safe in zura in gani, kullum yana nan yadda yake. Raina ya ɓaci, na je na nuna mata. Ta karɓa ta jefa a murhu, ta ce, "Da ido za ka noma gonar? Guga nawa kaj ja yau?" Na ce goma sha takwas. "Ran hwarko hwa?" Na ce goma, da kyar. Ta ce to in tashi in ba ta wuri. A wata na uku ne, wata safiya na sunkuya in ɗora wa Inna tulu a ka, sai na ji tulun ya taso kamar babu ruwa a ciki, har na leƙa. Cike yake. Na tsaya a bakin rijiyar ina murmushi ni kaɗai kamar wawa, farin cikin da na ji a ranar har yanzu ina iya jin ɗanɗanonsa. Ban zama ƙato ba, kada in yi ƙarya. Tsinke dai ake ce mini. Amma rigata ta fara kama ni a kafaɗa, kuma rawar hannu ta tafi.

Yaran yanzu sun fi mu kayan aiki, sun kuma fi mu gaggawa. Suna da madubi a kangon, suna da salula da ke nuna musu ƙartin wasu ƙasashe masu ƙirji kamar buhun hatsi, sai yaro ya ɗaga ƙarfe kwana bakwai ya je ya tsaya gaban madubi yana neman abin da bai shuka ba. Mu aiki ne ya gina mu ko muna so ko ba ma so, rijiya da turmi da hauya da dakon dami. Su famfo ya ɗauke musu guga, inji ya ɗauke wa 'yan'uwansu mata taɓarya, kuma ban ce a dawo da wahala ba, na ga abin da ta yi wa bayan iyayenmu. Abin da ya burge ni shi ne, da aikin ya tafi ba su zauna ba, sun je sun ƙera wa kansu nauyi da siminti. Da jikana ya ce ya bari, na jira hannuwansa suka saki, na ɗauki sandata na raka shi kangon. Samarin suka miƙe suna gaishe ni, suna dariyar me tsoho ya zo nema. Na zagaya na nuna gwangwani mafi ƙanƙanta na ce da wannan zai fara, sau goma, ya ci abinci ya ƙoshi, ya yi barci, ya huta rana guda. Babbansu, wani mai karatun boko a lakwal ɗin Yamai, ya ce, "Wallahi Baba, abin da muka hwaɗa mai ke nan, shi na bai ji ba." Na ji daɗi ƙwarai. Ashe abin da tsohuwa ta koya mini da bakin muciya yana nan a cikin salularsu. Yaron yana zuwa har yau, ya kuma cinye mana wake.

A waccan shekarar da Kaka ta yi kiwona, ruwa ya sauka da wuri. Muka yi shuka, ina gaba ina sara da sungumi, Inna da ƙannena na biye suna jefa iri suna rufewa da ƙafa. Hatsi ya tsiro, ciyawa ta tsiro tare da shi. Inna da yara suka kama gonar bayan gida, ni na ɗauki hauyar Yaya na nufi tudu. Hauyarmu ta tsaye ce, mai doguwar ƙota, ana tura ta ne a ƙarƙashin rairayi ta yanke saiwar ciyawa, kuma wanda bai saba ba kafin hantsi kafaɗunsa sun mutu. Baba da Yaya su biyu kwana takwas suke yi a gonar. Da na tsaya a bakinta ni kaɗai, sai na ga iyakarta can nesa. Na ji kamar in ruga da gudu in cinye ta a yini ɗaya, amma na riga na san inda wannan ke kai mutum. Na ɗiba wa kaina layukan da zan iya, na gama su, na zauna gindin gawo na sha furar da Kaka ta aiko, na tashi na ƙara kaɗan. Gobe na ƙara layi biyu. Juma'a na huta, ko da yake zuciyata na can, ina kwance ina jin kamar ina jin ƙarar tsiron ƙarangiya.

Rana ta goma sha uku, da hantsi, saura kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kusurwar da ke wajen itacen aduwa, kuma a can ciyawa ta fara rufe hatsi. Ina cikin turawa na ɗaga kai, sai na hango mutane a hanya. Baffa ne da 'ya'yansa uku, kowa da hauya a kafaɗa, a bayansu kuma Baba yana takowa a hankali da sandarsa. Tun faɗuwarsa bai taka gonar nan ba. Na ce shi ke nan, ciyawa ta ci mu, sun zo karɓa. Hawaye suka cika mini ido, amma ban tsaya ba, na ci gaba da layina har na kai ƙarshe, sannan na zo na durƙusa na gaishe su.

Baffa ya wuce ni. Ya shiga cikin gonar, yana tafiya yana duban ƙasa, ya tsuguna ya tona da yatsa ya ga ko saiwa na yanke ko kai kawai na share. Ya yi nisa ya dawo. Ya ce, "Wa yat taya ka?"

Na ce, "Ba kowa, Baffa."

Ya dubi manyan 'ya'yansa, ƙarti masu wuya kamar turmi, ya ce, "Kun gani? To mi kuka jira? Ku kama mai sauran." Suka shiga, na shiga tare da su, mu huɗu a jere, kuma ban bari sun bar ni a baya ba. Kafin azahar kusurwar aduwa ta yi fes.

Muka dawo inuwar gawo inda dattawan biyu ke zaune. Baffa ya gyara murya ya ce, "To Yaya, zancen gona hwa? Ka san halin da nike ciki. Ko kusurwag ga ta aduwa, baɗi in sa wake."

Baba ya yi zane a ƙasa da sanda. Sannan ya ce, "Ni ba ni da ta cewa. Ga mai nomanta nan. Tambaye shi."

Duk suka juyo suna dubana. Ni da ba a taɓa tambayata ko wace akuya za a kai kasuwa ba. Na dubi Baffa, na ga furfurarsa, na tuna bakuna nawa ke jiransa a gida, na tuna kuma yanzun nan 'ya'yansa suka zubar mini da gumi. Na ce a ba shi kusurwar shekara guda, a gaban maigari, a dasa gamba a tsakani, in yayana ya dawo a sake zama. Baffa ya yi dariya ya ce, "Yaron ga ya hi ka tsauri, Yaya." Baba bai yi dariya ba. Kai kawai ya gyaɗa, ya ce haka za a yi.

Da za mu tafi ya yunƙura zai tashi, bayan ya riƙe shi, ya koma zaune. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Baffa ya matso zai kama shi, sai ya ɗaga masa hannu, ya kira sunana. Na sunkuya, ya dafa kafaɗata ya miƙe. Na ɗauka zai sake ni in ya tsaya, amma sai ya miƙa wa Baffa sandar ya ce ya riƙe masa. Ya sakar mini nauyinsa duka, muka kama hanya cikin rairayi mai zafi, yana numfashi a kusa da kunnena. Baba mutum ne mai nauyi, hanyar kuma da nisa. Na kai shi har ƙofar ɗakinsa ban tsaya hutawa ba.